Ƙarshen Tatsuniyar Ƴar Dorina

Saura kwana tara a rufe karɓar fina-finan yara a bikin da nake son shiga, sai ga Zalika ta zo Yamai ganin likitan ido, ta sauka gidana. Taubashiyata ce, ɗiyar gwaggona, tare muka tashi a Gaya. Fim ɗin na zane ne, shekara biyu na yi ina fama da shi, kuma daga tatsuniyar kakarmu na ɗauko shi. Na zaunar da ita na kunna mata, ina ta hura hanci. Da ya ƙare ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce, "Idi, zane kam ka iya, ban hana ka ba. Amma ƙarshen nan ba na Kaka ba ne."

Na ce, "Ai dama ido kika zo a duba miki."

Ta ce, "Ido ne ya lalace, kunne na nan garau."

Dariya na yi, amma wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Idan ƙarshen ba daidai ba ne, to da sunan Kaka zan kai wa ƴaƴan mutane abin da ba ta faɗa ba.

Kakarmu bandar kifi take yi. Zamanin kumandan, Baturen mulki, na nan a bariki, gada ba ta haye kogin Kwara ba tukuna, sai jirgin fito ke ɗaukar motoci zuwa Dahome. Da la'asar Sarkawa masunta su kawo mata kifi, ta fafe, ta naɗe, ta jera bisa murhun banda a bayan ɗaki. Bayan sallar isha'i ba ta da wurin zuwa, dole ta zauna gadin wuta kada ta ci kifin, mu kuma mu kewaye ta. Hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, ba mai tashi. Ni har tufafin lakwal ɗina, na zuwa boko, ƙaurin kifi suke, mushe malaminmu ya yi ta toshe hanci in na zo allo. Yau da zan sami wannan ƙaurin a kasuwa, da na saya na ajiye.

Ba ta fara tatsuniya sai ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen kifi a kwando. Sannan ta ce, "Ga wata ta fito daga ruwa, wa zai tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne!" Ni take fi ja da tsiya. "Kai maigidana, matso nan. Miji ba cefane, sai cin kan kifi."

Babana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar gyaɗa zuwa Paraku a Dahome, sai ya yi wata biyu ba mu gan shi ba. Ran da ya fara irin wannan doguwar tafiya na bi motar da gudu har bakin ruwa, aka dawo da ni ina shure-shure. A daren ne na fara jin tatsuniyar ƴar dorina.

Wai wata yarinya ce, ɗiyar masunci. Da ruwa ya janye da rani, sai ta tarar da ƴar dorina ta maƙale a wani tafki, uwarta ta wuce da garke. Yarinya ta ɓoye maganar, don in maza suka ji, da mashi za su zo. Kullum ta yanko ɗanyar ciyawa ta kai mata, ta riƙa kwarara mata ruwa a baya da ƙwarya kada rana ta tsaga fatarta. Suka shaƙu, har yarinya na barci a jikinta. Da damina ta sauka, kogi ya cika ya haɗe da tafki, ƴar dorina ta ji kukan ƴan uwanta daga nesa. Ta dubi yarinya, ta nutse, ta tafi.

Nan Kaka ta tsaya ta juya kifi, ta bar mu da baki buɗe. Sai ta ce, "Da ruwa ya sake cika, yarinya na wanki, sai ta ji fuuu a bayanta. Ga ta nan ta dawo, ta yi ƙiba, har da tsaraba ta kifi a baki. Kuma kowace shekara hakanan." Na yi barci a daren nan da daɗin rai. Bayan wata biyu Baba ya dawo da alewa da ƴar hula.

Shekarar da ta biyo baya gwaggona ta rasu wurin haihuwa a Tanda, aka kawo mana Zalika tana da shekara shida. Ba ta magana, ba ta wasa. Kullum da yamma sai ta je ƙofar gida ta zauna tana kallon hanyar Tanda, har a ɗauko ta. Wani dare Kaka ta sa ta a cinya, ta ɗauko tatsuniyar ƴar dorina. Ni da na riga na sani, ina ta gyaɗa kai kamar wani babba. Da aka zo wurin juya kifi, sai na ji ta ce, "Ruwa ya cika, yarinya ta jira, ba ta zo ba. Ya sake cika, ba ta zo ba. Yarinya ta yi kuka har ta gaji. Sai ubanta ya sassaƙa mata ɗan jirgi da filafili daidai hannunta. Ta koyi tuƙi, ta zama ba wanda ya kai ta sanin ruwa, ta yi ƴaƴa, ta yi dariya da yawa a duniya."

Na miƙe tsaye. "Kaka, kin manta! Ai ta dawo! Har da kifi a baki!"

Zalika ta ɗago kai, karo na farko da na ji muryarta a taro, ta ce, "Ta dawo?"

Kaka ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Idi, tashi ka ɗebo mini itace." Itace kuwa ga shi nan jibge kusa da ita. Na tafi ina gunaguni, na yanke a raina tsufa ne ya fara taɓa ta. Da wannan hukuncin na girma, na bar Gaya, na koyi aikin silima, wanda son sa ya kama ni tun ran da motar silima ta kumandan ta haska farin ƙyalle a filin kasuwa. Ni da taurin kai, shekara arba'in ban sake duba maganar ba.

Muna zaune a gidana na tuna wa Zalika wannan daren, ina jiran ta ba ni gaskiya. Ta ce, "Ashe har yanzu ba ka gane ba, sarkin wayo? Kai babanka mota ya bi. Ni uwata ƙasa aka rufe ta da ita. Da Kaka ta ce mini ƴar dorina ta dawo, da har yau ina ƙofar gida." Ta share ido da bakin mayafi. "Sati guda na ƙara ina zaman hanya saboda bakinka."

Kunya ta rufe ni. Na ba ta haƙuri, ta ce in biya ta da kan kifi.

Kwana bakwai na yi ina sabon zane. Na cire dawowar, ban kuma iya sa rashin dawowar ba, don ban san wane yaro zai zauna gaban fim ɗin ba. Kaka tana ganin fuskokinmu kafin ta buɗe baki, ni kuwa aika nawa zan yi garin da ban taɓa zuwa ba. Na ƙare shi da yarinya ta tura jirginta cikin ruwa tana dariya, ta waiwaya sau ɗaya. Na aika ana gobe rufewa, aka karɓa.

Ban ci kyauta ba, kuma ban damu ba sosai. Na je garin bikin, ranar da aka nuna shi an cika zauren da ƴan lakwal, aka ce in tsaya su yi mini tambaya. Wata ƴar ƙaramar yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, ta ce, "Dorinar ta dawo?"

Amsa ta zo mini har bakin leɓe, irin ta da. Na haɗiye ta. Na sauko daga dandamali, na durƙusa gabanta duk da ciwon gwiwa, na ce, "Faɗa mini tukuna, ɗiyata. Ke wa ya yi miki tafiya?"