Shekarar da Epifanio Ya Ƙi Kashe Matarsa

Epifanio Zamarripa, mijin yayata Otilia, mai aski ne a yammacin San Antonio, amma ba da aski aka san shi ba. Askin nasa ma, sai dai a yi haƙuri. Abin da ya iya shi ne kashe mutane.

Duk shekara in Ranar Matattu, bikinmu na tunawa da mamata, ta gabato, sai ya tsara kalabera, 'yan baitocin nan na tsokana da ake yi wa rayayye kamar ya riga ya sheƙa, ya manna a gilashin shagona na burodi. Ya kashe limamin cocinmu, wai Mutuwa ta gaji da jiran ya gama wa'azi, ta ɗauke shi da sauran a baki. Ni kuwa kullum burodina ke kashe ni, wai ya faɗo mini a ka. Har yau ban yafe ba. Amma wanda aka bari da rai shi ke fushi na gaske. Akwai makanikin da ya daina gaishe shi a kan haka, mata kuma har tamale, alalar masara mai nama, suke aiko masa don ya ba su mutuwa mai kyau.

Otilia ce ta farko kullum. Da haka ma ya nemi aurenta: ya rubuta cewa yanga ce ta kashe ta, ta bi shi da takalmi har tashar bas, suka shirya a hanya.

Bara likita ya ce ciwon da ke cikinta ya wuce aiki. Unguwa ta koma yi mata magana ƙasa-ƙasa, ana kawo romo ana sunkuyar da kai. Da aka manna baitocin, ta sa na tura ta a keken marasa lafiya har gaban gilashin. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta sake. Babu sunanta.

"Kai ni wurin tsohon nan," in ji ta.

Muka tarar da shi yana fama da kan wani direba.

"Epifanio, ina tawa mutuwar?"

"Bana na bar ki ki huta, tsohuwa."

"In huta? Ka kashe karen maƙwabta, ka kashe direban nan da ke zaune, ni ce ban kai ba?"

"Otilia, don Allah."

"Mai rai ake kashewa, ko ka manta? Da ka cire ni, ai ka gama binne ni ke nan."

Direban ya ce, "Gaskiya tana da hujja, maigida."

Epifanio ya ajiye almakashi. Duka biyun sun ba ni haushi, ita da taurin kai, shi da tsoro, ga hawaye ya cika mini ido. A tsaye Epifanio ya tsara baitocinta: wai Mutuwa ta shigo gidan Otilia ba ta goge ƙafa ba, Otilia ta miƙa mata tsintsiya, ta sa ta wanke-wanke, ta ce ta rame da yawa, ta ɗura mata wake da shinkafa, har Mutuwa ta tsere ta taga.

Otilia ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta share ido.

"Ta yi daɗi. Amma ban mutu a ciki ba. Kar ka yi mini wayo."

Ya durƙusa gaban keken, ya ƙara baiti ɗaya: Mutuwa ta dawo da ladabi, ta yi sallama, Otilia ta ɗauki jakarta ta shige gaba tana mita wai an ɓata mata lokaci, ta tafi.

"Yauwa," ta ce, ta dafa kansa. "Ka ga bakinka bai tsage ba. Yanzu ka taɓa faɗa sau ɗaya ina nan ina ji. In ranar ta zo, ba zai zame maka na farko ba."

Ya kifa fuska a gwiwarta. Ta bar shi a haka, tana gyara masa wuyan riga.