Tirelar Yaya a Cikin Kwamfuta

Yayana direban tirela ne. Shekaru ya yi yana ɗaukar shinkafa da albasa daga Talata Mafara zuwa Kudu, har ranar da 'yan bindiga suka buɗe wa motar hayar da ya shiga wuta a hanyar Maradun, yana dawowa daga ta'aziyya. Harsashi ɗaya ya same shi a baya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Bayan an sallamo shi daga asibiti sai ya daina magana. Ya wuni a ɗaki fuskarsa ga bango. In an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Inna ta kai abinci, ta dawo da shi kusan yadda ta kai.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare. Na san akwai gem, wato wasan kwamfuta, da mutum ke tuƙa babbar mota, da sitiyari na gaske da totur da birki. Ban gaya wa kowa ba, na fara tara kayan haɗa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya: akwatin, da katin hoto, da ƙwaƙwalwar, da fankar da ke sanyaya ta. Wasu sababbi, wasu na hannu. Da suka cika na baje su a kan tabarma wata Asabar na haɗa da hannuna. Totur da birki na mayar da su kan maɓallan jikin sitiyarin, tunda ba ƙafar da za ta taka.

Da na shigar da tebur ɗakinsa, kallona kawai ya yi.

"Mi ne ne wannan kuma, Malam?"

Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Mota na kawo maka, Yaya."

Muka jingina shi da matasai. Na kunna, injin ya tashi a lasifika da wannan gurnani na dizal. Na ga yatsunsa sun zagaye sitiyarin a hankali. Ya fita daga gareji, ya hau titi, ya sa giya ta biyu, ta uku. Inna tana tsaye a bakin ƙofa da gefen mayafinta a baki.

Bai yi minti goma ba sautin ya fara kakkatsewa. Injin ya yi kamar mai in'ina, hoton ya daskare, ya zabura, ya sake daskarewa. Kafin ya dawo daidai tirelar ta afka wa ƙarfen gefen hanya. Yaya ya saki sitiyarin.

"Ɗauke abinka," ya ce. Ya juya ga bango.

Ban ɗauke ba. Kullum na taso daga makaranta sai in zauna a gabanta, shi yana kwance a bayana. Na sabunta manhajar katin hoto da ta sauti. Na rage kyan hoton har itatuwa suka koma kamar zanen 'yan firamare. Na canza lasifika, na canza waya. Na zare ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, na goge na mayar. Na zargi wutar sola, na ɗauko janaretan maƙwabci. Duk abu ɗaya: ta fara lafiya lau, can sai ta soma sarƙewa. Na goge komai na sake zuba shi sabo, ba ta canza ba.

Akwai abokina a Bakura mai shagon gyara. Na cire katin hoton na kai masa a kan babur, domin shi na fi zargi, na hannu ne. Ya sa a tasa kwamfutar muka yi awa guda muna kallo, ko gezau. Ya ce, "Katinka lafiyarsa ƙalau. Koma ka duba wani wurin." Na dawo ta cikin gonakin shinkafa raina a jagule. Abin da ya fi damuna, na sa wa Yaya rai na kuma sake shi ya faɗo.

Rana ta tara ko ta goma, bayan la'asar, ina gwadawa ta sake sarƙewa. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Motag ga zahi take yi."

Na juya. Ashe duk kwanakin nan yana saurare.

"Yaya, ai ba mota ba ce. Matsalar manhaja ce."

"Ni ban san manhaja ba. Amma da sahe in ka tashe ta, takan yi tahiya mai nisa kahin ta hwara. Da rana ba ta jimawa. In ka kashe ka sake tayarwa nan take, ko gareji ba ta bari. Kuma hwankarta na kuka kamar za ta tashi sama. In mota ta yi mini haka, lagireto nika dubawa."

Tun da aka dawo da shi gida ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba. Kunya ta kama ni, domin ko sau ɗaya ban duba zafinta ba. Na ɗauka sabuwar fanka ce, me zai same ta? Na buɗe manhajar da ke auna zafi, na tayar da gem ɗin. Lambar ta yi ta hawa har ta koma ja, kuma daidai nan sautin ya tsinke. Ƙwaƙwalwar ce ke rage gudunta da kanta don kada ta ƙone.

Na kashe, na kwantar da akwatin, na kwance fankar da sukundireba. A ƙasanta, inda ƙarfe ya kamata ya zauna a kan ƙwaƙwalwar, akwai wata 'yar leda fara da aka liƙa tun daga kamfani. Har da rubutu a jikinta cewa a cire kafin a ɗaura. Ɗokin haɗawa ya sa ban gan ta ba. Na ɓare ta na miƙa masa.

Ya juya ta a tafin hannunsa. "Wagga ce ta hana ka barci?" Sai ya yi dariya, gajeriya, har ta zame masa tari. Inna ta leƙo da sauri ta ga ko lafiya.

Na goge wurin, na shafa sabon man da ake sawa tsakaninsu, na ɗaure. Ranar ya yi tuƙi har aka kira magariba, sautin bai katse ba. Ya nemi gefen hanya ya faka, ya kashe injin, sannan ya ce a kawo masa ruwan alwala.

Ba zan ce ya warke ba. Akwai ranakun da ba ya ko kallon teburin. Wata rana kuma a cikin gem ɗin ya tarar da motoci sun tare hanya a wani daji, ya danna birki, ya ce in kashe. Kwana uku bai taɓa ta ba.

Amma labari ya kai tasha. Tsofaffin abokan aikinsa, waɗanda a da suke zuwa su zauna kaɗan su tafi, suka fara daɗewa. Su karɓi sitiyarin, su kasa yin ribas da bodi, ya yi ta yi musu faɗa. Daga baya ya yarda a riƙa fitar da shi zaure da hantsi.

Da shekara ta zagayo aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye a Maradun. Ranar da zan tafi na nuna wa Inna yadda ake kunnawa da kashewa, ta riƙa maimaitawa tana ƙirgawa da yatsu. Yaya ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Kada ka bi hanyag ga bayan la'asar," ya ce. "Ko mi ya taso, ka kwana."

Na ce to. Har yau ban saɓa ba.