Tekun da Na Kalla wa Baba

Babana mutum ne mai son musu. Aikin safiyo, wato awon filaye, ya yi a gwamnati har ya yi ritaya, daga nan ya kwashe duk ƙarfinsa ya kai majalisar ƙofar gidanmu a Unguwar Kanawa. Benci biyu ne da tabarma a gindin dalbejiya, amma in ka ji hayaniyarsu bayan La'asar sai ka rantse rabon gado ake yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Taurin kai ma a wurinsa na gada.

Hawan jinin ido ya daɗe yana cin ganinsa, shi kuma ya daɗe yana ɓoyewa, don ƙafarsa ta haddace hanyar masallaci da ta majalisa. Yayana, wanda ke aikin jinya a wani gari na bakin teku a Sifaniya, shi ya matsa a kai shi can ganin likita. Na ɗauki hutu a ofis na raka shi. Kafin mu tashi 'yan majalisa sai da suka sa aka yi masa saukar Alƙur'ani. Amininsa, wani tsohon tela na Unguwar Shanu, ya ɗinka masa kaftani, ya ce na ranar dawowa ne da ido garau.

Likitar ba ta daɗe da mu ba. Ta haska, ta auna, ta yi wa Yaya magana da yarensu, na ga ya sunkuyar da kai. Jijiyar ta riga ta mutu. Abin da ya rage wa Baba haske ne da inuwa, su ma tafiya za su yi. Na fita baranda na sha kukana. Da na dawo, tambaya ɗaya Baba ya yi: kwana nawa ya rage mana a garin? Aka ce shida.

"To, a kai ni yawo," in ji shi.

Washegari muka sauka bakin ruwa, hannunsa a kafaɗata. Ya tsaya yana sauraren igiyar ruwa tana dukan yashi.

"Uwata, wane launi ne?"

"Shuɗi, Baba."

"Shuɗi kawai? Ke da digiri? Shuɗin bula ko na sama?"

Na ƙura ido. Na ce kusa da mu kore-kore ne, can nesa kuwa kamar shaddar da ya sa ranar auren Yaya. Na ga leɓensa yana motsi, yana maimaitawa. Ya tambayi mutanen da ke wurin, na ce suna kwance a rana, kuma ba su cika damuwa da tufa ba. Ya yi dariya ya ce wannan kam in riƙe abina.

Haka muka yi kwanakin. Muka hau wata tsohuwar ganuwa a kan dutse, wadda aka ce Musulmi ne suka gina. Ya bi bangon da tafin hannu yana auna kaurinsa da taƙi, ya ƙaryata Yaya a kan tsayinsa. Muka shiga jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido, wasu manyan kifaye suka yi ta tsalle a gefenmu, kowa yana ihu, shi kuwa yana jan mayafina: "Nawa ne? Ta dama ko ta hagu?" Kafin in buɗe baki sun nutse. Na ce uku, alhali ban ƙirga ba.

Mutanen garin ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe tara, a lokacin kuma rana ba ta gama faɗuwa ba, mu muna ta duban agogo muna jiran Magariba. Tebura a kan titi, yara da tsofaffi duk a waje. Na janye Baba daga wani shago da aka rataya busassun cinyoyin alade, muka zauna inda ake gasa kifi. Aka kawo mana shinkafa rawaya a faffaɗan kasko, da jatan lande da wasu masu ɓawo kamar katantanwa. Ina ɓare masa ina turawa gabansa, shi kuma yana tambayar launin rigar mai kawo abinci. A dandalin da ke kusa ana kiɗa, tsofaffi suna rawa biyu-biyu. Sai da na kwatanta masa wata tsohuwa mai jan siket da mijinta mai sanƙo, har da yadda mijin ke taka mata ƙafa.

A rana ta huɗu na gaji. Mun dawo gidan Yaya, Baba ya ce in tambaye shi duk abin da muka gani, yana ba ni amsa kamar mai biya hadda. A nan na gane abin da yake shiryawa.

"Baba, ƙarya za ka yi musu?"

"Wace ƙarya? Ban je ba ne?"

"Ka je, amma ba ka gani ba. Ka faɗa musu gaskiya mana. Abokanka ne."

Ya juyo wajena. Ya ce, "Uwata, kin ga yadda suke yi da maƙwabcinmu tun da ya sami shanyewar ɓarin jiki? Duk abin da ya faɗa sai a ce haka ne, Alhaji. Ranar da suka sani, ranar za su daina musu da ni. In zauna a yi ta yi mini sannu?"

Raina ya ɓaci, da shi, da likitar, da tekun ma da yake ta ƙyalli a banza. Amma ba ni da abin ba shi in ba wannan ba. Na ce, "To, ganuwar ƙofa nawa gare ta?"

Da muka dawo Kaduna na kai hotuna takwas aka wanke a Kawo, don na san ba za su bar shi ba sai sun gani. Na jera su, ya haddace jerin: teku, ganuwa, jirgi, shinkafa, har na takwas. Ya sa kaftanin da baƙin tabarau, ya ce likita ce ta hana shi cirewa. Bayan La'asar ya fita. Ni kuma na laɓe a zaure ina leƙe ta kafar ƙofa, don mace ba ta zama a wannan bencin.

Da farko abin ya tafi daidai. Ya ba su labarin ruwa mai launi biyu, wani ya ce ruwa ba ya launi biyu, suka kaure. Baba ya ɗaga murya har da buga benci. Rabon da in ji shi haka tun kafin tafiya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, hoto a majalisa hannu-hannu yake bi. Suka karɓe, suka zagaya da su, suka mayar masa a cakuɗe. Ya zaro na huɗu a lissafinsa ya ɗaga.

"Kun ga shinkafar da nake faɗa muku. Dubi girman kaskon."

Hotonsa ne shi kaɗai a bakin ruwa, ya naɗe ƙafar wando. Daga zauren ina hango farar hularsa a jiki.

Majalisa ta yi tsit. Hannuna na kan sakata. In na fita na tona masa asiri, in na tsaya ma asirin ya riga ya tonu. Tsohon telan ne ya miƙa hannu ya karɓi hoton a hankali ya kife a cinyarsa.

"Kai, wannan kasko da girma yake," ya ce. Sauran suka ce ƙwarai kuwa.

Baba ba yaro ba ne, ya ji shirun nan. Sai ya ce, "Kuma ruwan tekun nan ba gishiri ko kaɗan. Na sha. Kogin Kaduna ma ya fi shi faɗi."

Na yi ta roƙon Allah ya sa wani ya ce ƙarya ne.

"Haka ne, Alhaji," in ji wani. "Allah ya ƙara sauƙi."

Bai jira kiran Magariba ba. Ya miƙe, mutum biyu suka zabura za su kama shi, ya ture hannunsu. Ya shigo zaure ya tsaya daf da ni, ya cire tabarau ya miƙo wajen da ya ji numfashina.

"Ungo, Uwata," ya ce. "Gobe ki samo mini sanda."