Shayin Da Anti Verna Ta Watsa Wa Odessa

A'a, ku dakata. Kowa sai cewa yake shirin 'ya'yan masu kuɗin nan na talabijin yara yake lalatawa. Waɗanne yaran? Mu da muke kallo muna dariya? Ku je ku duba iyayenku. Mu a gidanmu wadda abin ya kama shekararta hamsin da shida.

Anti Verna ce, yayar mamana. Shekara ashirin tana tuƙa motar 'yan makaranta a nan garin Fresno, in ta yi wa yaro tsawa sai ta bi shi da alewa. Ƙawarta ɗaya a duniya, Odessa, tun suna 'yanmata. Bencinsu ɗaya a coci.

Sai aka yi mata aikin gwiwa, ta kwanta wata biyu, ta kalle shirin tas. Ta tashi da sabon baki, irin na 'yan shirin. In na ce, "Anti, akwai madara?" sai ta dafe ƙirji: "Ban ji daɗin yadda kika tunkare ni ba."

Babban abin da ta ɗauko shi ne wannan: a shirin yarinya za ta watsa wa ƙawarta abin sha a fuska, sati na zagayowa ga su a jirgin ruwa suna kuka, suna rungume juna. Anti ta ce, "Kin gani? Haka ake ƙara danƙon zumunci."

To a cin abincin cocinmu kowa da girkin da aka san shi da shi. Taliya da cuku ta Anti ce, har fasto ya sani. Da tana jinya Odessa ta riƙe mata, ta warke kuma Odessa ba ta saki ba. Tire biyu a tebur. Na Odessa har an kankare gindinsa, na Anti cokali uku aka ɗiba, biyu ni ce.

"Odessa, ashe ke munafuka ce?"

"Ke Verna, zauna kar gwiwar ta ɓalle. Ɗanɗana ki ji yadda ake sa gishiri."

Anti ta ɗauki kofin shayi mai ƙanƙara. Na rantse sai da ta waiga ta tabbatar ana kallo, sannan ta sheƙa mata, daga hula har farar riga. Odessa ta ɗauki tirenta ta fice.

A mota Anti har da waƙa. "Sati ɗaya, za ta kira a zauna a fahimci juna." Ta sayi sabuwar riga ta zaman sulhu. Na kama ta tana gwada kuka a madubi.

Sati bakwai ke nan. Odessa ta koma bencin baya. Na ce, "Anti, yaran can aikinsu ke nan. Akwai mai shirin da ke kama musu tebur ya ce dole ku zauna. Ke wa zai kama miki? Odessa ma fa ba ta taɓa kallonsa ba."

Jiya ta je ƙofar Odessa da kofi cike da shayi, ni ina riƙe da jaka.

"Ga shi, 'yar uwa. Rama."

Odessa ta leƙo ta ragar ƙofa. "In ɓarar da shayi? Uban wa ya bar min gado? Gaban mutum tamanin kika jiƙa ni, yanzu kin lallaɓo ba kowa. Ran Lahadi ki miƙe a coci ki ba ni haƙuri. Kuma ki ce taliyata ta fi taki."

"Haƙuri zan bayar. Amma ƙarya a coci, Odessa?"

Garam, ƙofa.

Yanzu haka tana kicin ta zabga tagumi, talabijin a kashe, Lahadi saura kwana uku. Ni ta ƙi jin tawa, wai yarinya ce ni. Don haka kar wanda ya karanta ya wuce sumul. Ta faɗa ko kar ta faɗa? Ku rubuta, zan karanta mata ɗaya bayan ɗaya. Ku da kuka ci tiren biyu ranar, na san kuna nan, ku za ku fara.