Ruwa ne, ba mutane ba ne

Na ga abubuwa da yawa a garin nan, yawancinsu ba na son tunawa. Amma ranar da kukan waya ya watsa mu a harabar coci, ko tsufa ya sa na manta sunana, ita ba zan manta da ita ba.

A Kudenda nake, can ƙasa kusa da kogi. Ƙosai nake soyawa a hanyar ma'aikatan kamfani. Maigidana ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya tashi sai an ɗaga shi. Ruwa ya taɓa shigo mana har gwiwa ba labari, na goya shi na fito, muka faɗi a taɓo tare. Tun daga nan na san in aka sake haka ba zan iya ba. Bayana ya gaji.

Ana haka wata budurwa ta fara zuwa unguwarmu da abokin aikinta. Suna shirya abin da zai riƙa sanar da mutane ta waya in kogi ya fara cika. Ta ce ba koyarwa suka zo yi ba, so suke su ga yadda muke. Ta zauna gefen kaskona tana shan hayaƙi, ta tambayi inda nake ajiye waya. Na nuna mata, a cikin leda, ƙulle a bakin zani. Ta tambaye ni ko ina karanta saƙon rubutu, na ce ban yi makaranta ba. Sai suka ce to ƙara za su sa.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci suka tara matan zumunta don gwaji. Sun gaya mana wayoyinmu za su yi kuka. Muka ce to, muka shiga hira, muka manta. Kawai sai jiniya ta tashi a jikin kowa lokaci ɗaya.

Ƙafa ba ta jin bayani. Ban san lokacin da na fita ba, sai ganina na yi kwance a gonar masara a bakin kogi. Kusa da ni ga shugabar zumunta, babbar mace, takalmi ɗaya a ƙafa, tana haki. Da muka gane, dariya ta hana mu tashi. Muna dawowa wata ta ce mata, "Mama, ashe ciwon gwiwar nan na ranar sharar coci ne kawai?"

Abokin aikin budurwar sai haƙuri yake ta bayarwa. Ita budurwar ba ta yi dariya ba. Ta zo gabana ta ce, "Mama, me ya sa duk kuka yi ƙasa? Ba wadda ta hau tudu."

Ni kaina ban lura ba sai da ta faɗa. Na ce, "Titi na tudu. Ta titi suke zuwa."

Dukanmu mun ga rikici. A wajenmu jiniya mutane take nufi, masu kawo hari, kuma in mutane ne, ciyawar bakin kogi ake ɓuya. Yarinyar ta dafe kai ta ce da sun saki abin nan haka, cikin ruwan zai tura mu. Ta tambaye mu me zai sa mu yi sama. Aka yi ta musu. Wata ta ce ƙararrawa, aka ce sai a ɗauka lokacin addu'a ne. Na gaji na ce a gaya mana kawai, ruwa ne, ba mutane ba ne.

Ta miƙo waya bakina ta ce in sake faɗa. Na ce muryata kamar ta namiji. Shugaba ta ce ai shi ya sa, ba a taɓa jin wanda ya yi gardama da ni ba. Na faɗa, suka ɗauka.

Da damina ta yi nisa, wata rana da rana tsaka, ina suya, ko hadari babu, sai na ji magana a bakin zanina: "Ruwa ne, ba mutane ba ne. Ku hau tudu." Sai ta tashi a aljihun mai shayi. Sai ta tashi wajen wani mai keke Napep. Layi gaba ɗaya muryata. Ni da ba na rawa ko a biki, na yi tsalle da matsami a hannu ina cewa ni ce, ni ce. Ashe can saman kogi aka yi ruwan, yana hanya.

Na tare mai keken muka je gida. Muka ɗaga maigida a hankali, har hularsa na sa masa. Ba wanda ya yi bakin kogi, kowa ya nufi sama da kayansa. Kafin yamma ruwa ya cika ɗakinmu, shi kuwa yana zaune a barandar coci, ƙafarsa a bushe. Ya dube ni da karkataccen bakinsa ya ce shekara da shekaru yana fama da muryar nan, yau dai ta yi rana.

Abin da na koya ba shi da tsawo. In za ka yi wa mutane abu, kada ka tsaya ga abin da bakinsu ya faɗa. Je ka zauna da su har ka ga inda ƙafarsu take nufa in sun tsorata.