Kaye Na Tara Na Mushe Magagi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, 2014, da hantsi, ina zaune ƙofar gida ina gyaran igiyar akuya, Haruna maƙwabcina ya tsayar da babur ya ce mini Mushe Magagi, kamar yadda muke kiran malamin boko a nan, ya cika. Allah ne Ya ba mu aronsa, kuma Shi ne Ya karɓi abinSa. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas, bayan jinyar wata biyu, aka yi masa sutura bayan azahar a nan Filinge.

Magagi, da a makon rasuwarka na rubuta wannan ta'aziyya, da ta fito daban. Na jinkirta har yau da kake cika kwana arba'in, saboda abin da na sani yanzu ban san shi ba ranar da muka sa ka a ƙasa. Zan faɗi alherinka duka, don gaskiya ne. Zan faɗi ɗayan kuma, don shi ma gaskiya ne.

A shekarar 1972 muka haɗu, muna samarin malaman lakwal, wato makarantar boko, an turo mu gari ɗaya. Mu uku ne: ni Manzo, da kai, da Kailu mutumin Damana. Garin ba shi da ɗakin karatu, littafi sai wanda direban mota ya riƙo mana daga Yamai, ko wanda wani ma'aikaci ya bari da aka canza masa wurin aiki. Duk wanda ya shigo hannu sai ya zagaya mu uku, sannan ya wuce wurin likita da mai gidan waya. Kai ne ka ce abin da aka karanta ba a rubuta ba kamar hatsin da aka sussuke aka bar wa iska ne, ka sayi kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na 'yan lakwal, ka rubuta lamba ɗaya a bayansa.

Ban taɓa ganin mai irin aikin nan ba. Kowane littafi shafi biyu kake ba shi. A na dama sunansa da na marubucinsa, ranar da ka fara da ranar da ka ƙare, da wurin da ka karanta shi, ko gindin gawo ne ko bayan motar Tabla. Sai sunan wanda ya ba ka, da wanda ka miƙa wa, da abin da mutumin ya ce da ya maido. A na hagu kuma zane ne, da biro ja da shuɗi, wani lokaci da ruwan lalle. Littafin da ya ƙosar da kai sai ka zana masa zangarniyar gero biyar a ƙasa, mai dama-dama uku. Wanda ya ɓata maka lokaci fara kake zana masa. Wanda ka kasa ƙarewa kuwa rijiya ce ba guga. Muna yi maka dariya, amma kowa in ya maido littafi sai ya leƙa ya ga yadda ka rubuta maganarsa.

Ba ka riƙe karatun don kanka ba. Na tuna tsoho Ɗangoma na wani ƙauye kusa da Tabla, mai bin addinin kakanni, wanda wasu malamai ba su ko zama tabarma ɗaya da shi. Da idonsa ya mutu, kai ne kake hawa keke ran Alhamis ka je ka juya masa labarai da Hausa, shi kuma ya ba ka na ƙasar Kurfai na da, ka dawo ka zuba su a kaye, ka ba shi zangarniya biyar. Matan unguwarku da yawa a zaurenka suka koyi rubuta sunansu. Ni kaina, shekarar da yanar ido ta rufe mini gani kafin a yi mini aiki, kowace Lahadi in an tashi kasuwa kana gidana, kana karanta mini har la'asar. Ba ka fasa ko sau ɗaya ba.

Sai shekarar 1983, lokacin mulkin soja, lokacin da mutum ke duba bayansa kafin ya gai da abokinsa. Wasu takardu da ɗalibai ke bugawa a ɓoye sun iso mana daga Yamai, da littattafai biyu masu magana kan mulki da talakawa. Ni na karɓo su, muka karanta mu uku. Da na miƙa maka na ƙarshe na faɗi wata magana kan masu kaki da hatsin agaji, muka yi dariya, ka rubuta ta kamar yadda ka saba.

Wata safiya cikin watan Nuwamba, ina tsaye gaban allo, suka zo suka tafi da ni. Wanda ya yi mini tambayoyi ya karanto mini maganata kalma da kalma, da ranar da na faɗe ta. Bai nuna mini daga inda yake karantawa ba, amma na gane. Wata goma sha huɗu na yi a tsare. Aikin koyarwa ya tafi, haƙorana huɗu suka tafi, mahaifiyata ta rasu ban sani ba sai bayan wata uku.

Kai ne ka riƙe gidana a wannan lokacin. Matata Muna ta ce tukunya ba ta taɓa kwana a kife ba, kuma kai ka ɗauki gawar tsohuwa a kafaɗarka. Ranar da aka sake ni kai na fara gani a tasha. A hanya na tambaye ka yadda kayenka ya kai hannunsu, ka ce na taran ya ɓace daga ɗakinka, kuma ba wanda ya shiga ɗakin a makon sai Kailu, da ya sauka wurinka kwana biyu. Ba ka ce shi ya ɗauka ba. Ka dai ajiye mini maganar, na ɗauka da hannuna.

Lahadin da ta biyo baya Kailu ya same ni a kasuwa, wajen 'yan dabbobi. Ya taho da sauri da hannu biyu a miƙe, idonsa cike da hawaye. Na kau da kai na wuce. Kana tsaye kusa da ni, Magagi, ba ka ce komai ba. Maganar ta bi gari, mutane suka daina zama inda yake, har ya nemi a canza masa wurin aiki zuwa Abala. Sau biyu ya rubuto mini wasiƙa, na mayar ba tare da na buɗe ba. Da ya rasu a 2002 na ƙi zuwa jana'iza. Kai ka je, ka dawo ka ce mini in yi haƙuri da matattu. Har na yaba maka girman zuciya.

Ranar sadakar bakwai ɗinka, Dijatu matarka ta aiko in shigo. Tana cikin takaba, daga bayan labule ta turo mini akwatin ƙarfe, ta ce ka bar wasiyya a ba ni. Kaye talatin da ɗaya ne a ciki, an jera su bisa lamba. Na sa yatsa ina bi don in ga giɓin da ke tsakanin takwas da goma, sai na tarar babu giɓi.

Na zaro shi. A bangon ciki akwai hatimin ofishin da suka tsare ni, da layi biyu da Faransanci: an mayar wa mai shi, wanda ya kawo shi da kansa. Ƙarƙashi kuma sa hannunka ne, wanda na sani kamar nawa. Na buɗe shafin maganata, an ja mata layi da jan biro, kuma ban san ko biron wa ba ne.

Dijatu ce ta fara magana.

"Mushe Manzo, shi da kainai yak kai shi. Shi suka fara kira. Sun ce ko ya kawo wanda ke shigo da takardun ko shi ya tahi. Ina da cikin Fati wata takwas."

Na ce da ita, "To Kailu fa?"

Ta ce, "Kailu bai san komi ba."

Ta ce sau biyu ta ɗauki kayen za ta sa a murhu, kana ƙwacewa. Ta ce a jinyarka ta ƙarshe ka sha cewa a kira ni, in na zo kuma sai ka tambaye ni lafiyar awaki.

Tsoron da ka ji a 1983 na gane shi, Magagi. Na shiga ɗakin nan, na san abin da ake yi wa mutum a ciki, kuma ba zan rantse cewa da ni aka fara kira da na fi ka ƙarfi ba. Da ka tare ni a tasha ka ce, Manzo, ni ne, da na yi fushin shekara ɗaya ko biyar, da ya wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓoyon shekara talatin da ɗaya. Soja sun tafi, aka yi taron ƙasa, kowa ya fito ya faɗi abin da aka yi masa, kai kana zaune kusa da ni muna sauraren rediyo. Soja suka dawo, suka sake tafiya. Ba wanda zai taɓa ka kuma. Ka bar ni na ci mutuncin mutumin da bai yi mini komai ba, ka bar shi ya mutu a haka, kana zuwa gidana kana karanta mini littafi. Yanzu kowane alheri naka in na tuna sai in juya shi ina dubawa, ban san wanne ne na ƙauna wanne ne na biyan laifi ba. Ka raba ni da Kailu, ka kuma raba ni da kai.

Na karanta kayen duka cikin mako uku, ina neman wurin da ka faɗi gaskiya ko da ga takarda ce. Babu. Na goma dai ya nuna cewa duk tsawon tsarewata ba ka ƙare littafi ko ɗaya ba, rijiyoyi ne shafi bayan shafi. Ban sani ba ko tuba ce ta hana ka ƙone na taran, ko kuwa ba ka iya ganin lambobinka da giɓi ne. Allah Shi Ya san wannan.

Makon jiya na tafi Damana wurin Hadiza, 'yar Kailu ta fari. Na durƙusa gaban yarinyar da aka yi sunanta a gabana, na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce mahaifinta har ya koma ga Allah yana tambayar abin da ya yi wa Manzo. Ta ce ita ta yafe nata, na babanta kuwa ba a hannunta yake ba. Ta sa aka raka ni kabarinsa.

Ranar jana'izarka, da liman ya nemi jama'a su yafe maka, muryata ta fi ta kowa ƙarfi. Na faɗa ban san abin da nake yafewa ba. Ba zan janye ba, don maganar da aka yi a kan gawa ba a maido ta. Amma zuciyata ba ta kai inda bakina ya kai ba tukuna, kuma ina roƙon Allah Ya ba ni kwanakin da za ta kai.

Ya Allah, ga bawanKa Magagi ya zo gare Ka, Kai Ka san tsoronsa da alherinsa fiye da yadda na sani. Ka jiƙansa, Ka sassauta masa tambaya, Ka yalwata masa kabari, kada Ka kama shi da hakkina. Ka jiƙan Kailu, Ka ɗaukaka darajarsa, Ka sanya shi ya yafe mana mu biyu ranar da za mu tsaya gabanKa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dijatu, wadda ta ɗauki wannan nauyi ita kaɗai tsawon shekaru, da Fati da ƙannenta, da dukkan ɗaliban da suka koyi karatu a hannunsa daga Filinge har Tabla. Ku 'ya'yansa ba ku da laifin komai, ƙofata a buɗe take gare ku kamar da. Allah Ya ba ku haƙuri. Ga iyalan Kailu kuma, ga tawa ta'aziyyar, ta makara da shekara goma sha biyu. Allah Ya sa ku karɓa.

Manzo Albarka, tsohon malamin lakwal, Filinge.