Memunatu Mai Yanka Dila a Titi

Bismillahi. Mardiya, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki.

A masallacin layinmu na Maamobi na fara lura da Memunatu. In za ta yi sallama, wuyanta ba ya juyawa, duk jikinta take juyawa, dama da hagu. Ashe tana shekara goma aka kawo ta Accra daga arewa, ta yi shekara goma sha huɗu tana ɗaukar dilar gwanjo a ka a kasuwar Kantamanto. Dila ɗaya ta fi buhun shinkafa nauyi. Da haka ta tara jari, ta kama ɗan shago.

To, masu gwanjo ba sa buɗe dila a titi. Sai an kai shago, a yi addu'a, a yanka wayar da aka ɗaure ta da ita, don kar 'yan zaɓen kaya su wawashe masu kyan.

Shekarar da babanku ya kwanta ciwo, ni da kaina na naɗa miki gammo na tura ki kasuwa, Allah ya yafe mini. Shekarunki sha biyu. Rubuta, ba kunya ba ce.

Rana ta uku na bi ki. Na tarar maza biyu suna ɗaga dilar Memunatu za su ɗora miki. Sai ga Memunatu.

"Kai, Sayibu! Sauke! 'Yar wa za ka karya?"

Sayibu mai sito ya ce, "Maa Memuna, ita ta ce za ta iya."

"Ni ma haka na ce ina yarinya. Ba ni filaya in yanka wayar."

Nan bakin titi ta yanka waya. Mata suka yi caa a kai, kafin ka ce me, rigunan kirki sun tafi a kuɗin banza. Sayibu yana dariya: "Yau kin yi sadaka da ribarki!"

Ta ce, "An ce wasu rigunan nan yara ne suka ɗinka su can ƙasarsu. Yaro ya ɗinka, yaro kuma ya ɗauka? Manya suna ina?"

Sauran ta raba kashi uku don mu kai shago. Ni ɗaya, ita ɗaya da wannan wuyan nata, ke ta ba ki ɗan ƙulli. A trotro, motar haya, muna komawa gida, ba ta zage ni ba. Ta ce, "'Yar'uwa, gobe ke ki zo, shagona na son mai guga. Wannan ta koma makaranta."

Shekara tara ke nan ina mata guga. Har yau a titi take yanka dilarta, har 'yan zaɓe sun san ranarta. Ba ta yi arziki ba, amma bana ta sa fanka a shago, muna cin waakye, shinkafa da wake, da ƙwai ranar Juma'a, alhamdu lillahi.

Kin gama? To ɗago kanki haka nan, kin daɗe a sunkuye. Juya wuya in gani.